Dalmar da Na Kai Soron Baba

Baba ne ya ba ni izinin rubuta wannan labari, da sharaɗi ɗaya, kada in ambaci sunansa. Ya ce unguwarmu Koki ba wani girma gare ta ba, wanda ya san shi zai gane, wanda bai san shi ba kuma ba sunan ne zai amfane shi ba. Ni kuwa ina rubutawa ne don na san ba mu kaɗai ba ne. Soraye da yawa a cikin birnin nan suna ɗauke da irin kayan da suka kwantar da shi.

Ni malamar kwamfuta ce a wata sakandaren 'yan mata ta kuɗi a wajejen Ƙofar Dawanau, aurena kuma a Dukawuya yake. Wata shekara wata ƙungiya daga ƙasar waje ta aiko wa makarantarmu tsofaffin kwamfutoci arba'in kyauta. Aka yi taro, aka ɗauki hotuna. Da muka jona su, goma sha ɗaya ne suka tashi. Na yi wata biyu ina cire na wannan ina saka wa waccan, in haɗa matattu uku in samu mai rai ɗaya, har masu aiki suka kai ashirin. Wannan aiki har gobe ba na nadamarsa, domin ɗalibai da yawa a kansu suka fara ɗora hannu a kan kwamfuta. Matsalar ita ce ragowar. Gawarwakin da na cire wa kayan ciki, da allunan kallon kwamfuta masu doro irin na da, da tulin batiran UPS, na'urar ajiye wuta, da suka kumbura, duk suka cika sito. Shugabar makaranta ta ce tana son ɗakin a mai da shi aji, in san yadda zan yi da su kafin a dawo hutu.

Baba mai gyaran rediyo ne, ya yi wajen shekara arba'in a kan sana'ar. Da zamani ya juya, rediyo ta zama abin da in ta lalace sai a yar a sayi sabuwa, ya rufe shago ya koma zaman soro. Ni da Yayana Auwalu muka ɗauki cefanen gida. Bai taɓa cewa komai a kai ba, amma duk ranar da na miƙa wa Inna kuɗi a gabansa, sai ya miƙe ya ce zai je masallaci, ko da kuwa da sauran lokaci kafin kiran salla. Wannan ya daɗe yana damuna. Shi ya sa da shugaba ta yi maganar sito, Baba ne ya fara faɗo mini a rai. Na ɗauko kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, aka yi sawu biyu, aka jibge masa kayan a soro.

Ban manta fuskarsa a ranar ba. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohon akwatin kayan aikinsa, ya kakkaɓe shi, ya shimfiɗa buhu ya zauna. Da farko gyara ya riƙa yi, ya ciro 'yar fanka ko sifika ya sayar wa masu gyaran waya. Daga baya 'yan jari-bola da ke bi ta lungun suka nuna masa inda ribar take: a ƙona waya a fitar da jan ƙarfe, a fasa batir a ciro dalmar ciki. Suka ce in ya narkar da ita ya zuba ta curi-curi, ta fi tsada. Ya samo kurfotin gawayi, ya karɓi wata tsohuwar tukunyar Inna. Da nawa kayan suka ƙare, da kansa ya fara sayen matattun batira daga hannun mutane. A haka ya yi kusan wata takwas.

A nan laifina na farko yake. Na san abin nan ba shi da kyau. A littafin da nake koyarwa da shi akwai shafi guda a kan illar zubar da kayan lantarki barkatai, har tambaya na taɓa fitarwa daga ciki a jarrabawa. Duk Asabar in na je gaishe su, tun daga bakin lungu nake jin ƙaurin, wani irin wari mai kama maƙogwaro. Amma Baba ya koma sayen nama da kansa. Da Salla ta zo har turmin atamfa ya ba ni, abin da rabonsa da yi tun kafin aurena. Iyakar abin da na taɓa faɗa shi ne ya riƙa barin ƙofar soro a buɗe. Ya yi dariya ya ce hayaƙin liƙin rediyo bai kashe shi ba a shekara arba'in, ba wannan ne zai kashe shi ba.

Ciwon ya fara da ciki. A satin farko Inna ta kira ni ta ce Malam kwana huɗu bai yi bayan gida ba, kuma cikinsa na murɗawa har sai ya durƙusa ya dafa bango. Yana kuma cewa bakinsa kamar ya tsotsi ƙusa, komai ya ci ɗanɗanon ƙarfe yake ji. Muka je kemis, aka ce olsa ce, aka ba da magani, aka hana shi yaji da tsami.

A sati na biyu halinsa ne ya canza. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa Inna murya ba ya yi mata faɗa a kan gishiri har ta yi kuka. Ya fara rikicewa a salla, ya idar ya tambaya ko raka'a uku ya yi ko huɗu. Ƙanwarsa, Gwaggo Hansai, ta zo dubiya ta ce ita fa ba ta yarda da maganar olsa ba. Mutum ya yi shekaru a zaune lafiya ƙalau, sai da ya fara samu sannan ciwo ya zo? Ta ce hannu aka sa masa, ta kawo rubutu da hayaƙi. Wani maƙwabci ya ce basir ne mai cin ciki, ya aiko da jiƙo a jarka. Wani ya ce shawara ce, tunda fatarsa ta ɗashe. Aka yi gwajin taifot da maleriya, aka yi allurai. Duk wanda ya kawo abu da kyakkyawar niyya ya kawo, kuma duk an gwada. Babu wanda ya kalli kurfotin da ke gefen tabarmar da ake zama a gaishe shi.

A sati na uku na ɗauki hutun kwana ɗaya na kai shi babban asibiti. Bayan sallar asuba muka fita, amma mun tarar da layin yankan kati ya kai bakin ƙofa. Sai wajen ƙarfe ɗaya muka ga likita, wani matashi da gajiya ta gama bayyana a fuskarsa. A ɗakin akwai wata nas da ke rubuta sunaye. Tana ganina ta washe baki, ashe mahaifiyar wata ɗalibata ce. Ta riƙa Malama kaza, Malama kaza, tana gaya wa likitan irin yadda 'yarta ke yabona. Likita ya danna cikin Baba, ya duba idonsa, sannan ya tambaye ni wace sana'a yake yi.

Na ce, "Ai tsoho ne, likita. Ba ya aikin komai, mu muke kula da shi."

Ban shirya ƙaryar nan daga gida ba, fitowa kawai ta yi. Na kasa cewa a gaban matar nan mahaifina fasa batira yake yi yana sayar wa 'yan jari-bola. Baba yana zaune a kan benci, ya sunkuyar da kai yana riƙe da ciki. Likita ya rubuta abin da na faɗa. Aka auna jini aka ce ya yi ƙasa, aka ƙara maganin olsa da na ƙarin jini da na sassauta ciki, aka ce mu dawo bayan wata guda.

Maganin ya ɗan yi aiki. Cikin ya saki, ya fara shan kunu. Da ya ji dama-dama sai ya koma kan kurfotinsa, domin akwai wanda ya yi wa alkawarin kaya. Inna ta gaya mini ta waya, na ce ta hana shi, ta ce ni ce ya kamata in faɗa masa tunda ni yake jin maganata. Na ce sai Asabar in na zo. Asabar ɗin aka sa mana taron iyayen yara, ban je ba. Wadda ta biyo baya na je, na tarar yana cikin fara'a, na gaishe shi kawai na koma gida.

A sati na shida, yana alwalar azahar, buta ta suɓuce daga hannunsa. Ya sake ɗauka ta sake faɗuwa. Hannun dama ya lanƙwashe daga wuyan hannu, yatsun suna reto, ya kasa ɗaga su. Kowa ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Yaya Auwalu ya samo adaidaita muka koma asibitin nan. Kwana biyu Baba ya yi a kan benci a ɓangaren gaggawa, ana masa ƙarin ruwa a zaune, wai babu gado. Duk takardar da aka rubuta sai ka bi layi uku kafin a karɓa, wani gwajin kuma a ce injin ya lalace, a tura ka waje. Na yi fushi da asibitin nan ba kaɗan ba. Amma a nan ne wata baiwar Allah daga Gezawa, da ke jinyar mijinta, ta ba Inna tabarmarta da filo ba tare da ta san mu ba. A nan ne kuma wani ma'aikacin jinya ya riƙa zagayowa bayan ya tashi aiki, har sai da ya ga an ba Baba gado. Allah ya saka musu da alheri.

Hoton kai bai nuna alamar shanyewar jiki ba. Gwajin jini kuwa ya nuna ƙodarsa ta fara gajiya. Aka rasa inda za a haɗa ciwon ciki da hannu da ƙoda. A kwana na huɗu wata babbar likita, dattijuwa, ta zo zagayen safe da ɗalibanta a baya. Ta ɗaga hannun Baba ta sake shi, ya faɗi. Ta ce ya buɗe baki, ta ɗaga leɓensa ta daɗe tana kallon dasashinsa, ta nuna wa ɗaliban wani siririn layi mai duhu a gindin haƙora. Sannan ta juyo gare mu ta tambayi aikin da yake yi da hannunsa.

Kafin in haɗa kalma, Inna, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ta amsa.

"Dalma yake narkawa, likita. Ta cikin batir. A tukunyata ma yake yi."

Likitar ta buɗe fayil ta koma baya, ta ce amma a nan an rubuta ba ya aiki, wa ya ba da wannan bayani? Na ce ni ce. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce tambayar sana'a ba gaisuwa ba ce, rabin maganin a cikinta yake, kuma da an faɗa tun ran nan da an raba shi da wutar sati uku da suka wuce. Ta ce tana zargin gubar dalma ce, irin wadda muke ji a rediyo a wuraren haƙar zinare. Akwai maganarta ɗaya da ta zauna mini: dalma ba ta fita da sauƙi ta gumi ko fitsari kamar sauran datti, ƙashi take shiga ta kwanta, ta yi shekaru tana fitowa kaɗan-kaɗan.

Ba a yin gwajin a asibitin, sai da aka aika jinin Legas. Kwana tara muka yi muna jira. Sakamakon ya tabbatar da zarginta. Maganin da ke janye dalmar daga jini shi ma babu shi a kantin asibiti, na zaga manyan shagunan magani na Sabon Gari har ƙafata ta kumbura, wasu ma ba su taɓa jin sunansa ba. A ƙarshe daga Legas ɗin aka sa a mota. Yaya Auwalu ya sayar da mashin ɗinsa a kan wannan magani. Tun ranar da ya ji abin da ya faru a gaban likitar ya daina yi mini magana in ba dole ba. Sau ɗaya ya tare ni a barandar asibiti ya ce da Inna ce ta kai kayan nan gida da sai a ce rashin sani ne, amma ni da aka kashe wa kuɗin boko fa?

Sati na takwas da na tara su ne mafi wahala. Maganin yana sa shi amai, kuma kullum sai an ɗebi jini a duba ƙodar, don likitar ta ce in aka matsa mata za ta iya tsayawa gaba ɗaya. Muka raba jinya: Yaya ya kwana da shi, Inna ta yini, ni in zo daga makaranta da abinci in zauna har magariba. Maigidana ya yi haƙuri da ni sosai a wannan lokaci, bai taɓa tambayar tuwonsa ba. Ni nake ba Baba abinci a baki da cokali. Yakan kau da kai bayan loma uku, sai in lallaɓa shi kamar yadda ya lallaɓa ni ina ƙarama. Gwaggo Hansai ba ta fasa maganar sammu ba, sai dai ta koma kawo zuma da dabino, kuma ita ce ta riƙa wanke kayansa ba tare da an roƙe ta ba.

Likitar ta sa aka gwada Inna ita ma, tunda ita ke share tokar soron kullum da safe. An samu dalmar a jininta, amma ba ta kai ta Baba ba. Aka ce kada wanda ya ƙara zama a soron sai an gyara. Muka sa aka kankare ƙasar aka kwashe, aka zuba siminti, aka wanke bango aka yi fenti. Sai kuma tambayar da na guje wa tun farko ta dawo: ina za a kai ragowar kayan? 'Yan jari-bola suka zo har ƙofar gida suna tayi. Na san in na ba su, a wani soron za a narkar. Na je ofis biyu na gwamnati, kowanne ya tura ni ɗayan. A ƙarshe wani dillalin batira da ya ce yana mayar da tsofaffi kamfani ya kwashe batiran. Ban san gaskiyar abin da ake yi da su a can ba, na dai yarda da shi don ba ni da zaɓi. Allunan masu doro kuwa har yau suna wani ɗaki a gidana, a kulle.

An sallame shi a ƙarshen sati na tara. Cikin ya lafa, hankalinsa ya dawo daidai, ya nemi gafarar Inna a kan faɗan gishiri har ya ba ta dariya. Ƙodar ba ta kai ga wanki ba, alhamdu lillahi, amma an hana shi abubuwa da yawa, kuma duk wata sai mun koma. Hannun ana masa gashi sau biyu a sati. Yatsu biyu sun fara motsi, sauran shiru.

Sai bayan wata guda da dawowarsa na samu ƙarfin hali. Bayan la'asar ne, yana zaune a tsakar gida, Inna ta shiga maƙwabta. Na durƙusa na ce akwai abin da na yi masa wanda bai sani ba, na fara ba shi labarin ranar da likitan farko ya tambayi sana'arsa. Bai bari na ƙarasa ba.

"Na ji ki ai," in ji shi. "Ciwon ciki nake yi, ba kurumta ba."

Na tambaye shi me ya hana shi gyara mini magana a lokacin.

"Na ga matar nan tana ta ce miki Malama. Ban so in zubar miki da daraja ba."

Na yi kuka har ya gaji da ba ni haƙuri. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, kuma kada in ɗauke laifin ni kaɗai, domin shi ma ba yaro ba ne, tun watan farko ya san hayaƙin nan yana sa shi ciwon kai, daɗin samu ne ya hana shi bari. Ya ce kowa ya ɗauki kasonsa. Ya ce kuma watannin nan takwas da ya yi yana cefane da guminsa, ba zai ce bai ji daɗinsu ba, ko da abin da ya biyo baya. Yaya Auwalu ma ya sauko daga baya, da Baba ya sa baki. Yafiyarsu ta sauƙaƙa mini zama a cikinsu, amma ba ta sa na manta ba.

Ga abin da nake roƙon wanda ya karanta. Tsohuwar kwamfuta in tana gyaruwa a gyara, a yi amfani da ita har iyakar ƙarfinta, babu laifi a wannan. Amma kada a fasa batir a gida, kada a ƙona waya a inda ake kwana ko ake girki, kada a narkar da dalma ko da a tsakar fili ne. Masu karɓo kyautar kwamfutoci daga waje, ku tambaya tun kafin a sauke kaya, waɗanda ba su tashi ba wa zai kwashe su. In kuma kun kai mara lafiya asibiti aka tambayi sana'arsa, ku faɗi gaskiya ko da wa yake tsaye a wurin.

Yanzu Baba da hagu yake cin abinci. Liman ya gaya masa lalura ce, babu komai a kansa, shi ma ya san haka. Duk da haka bai yarda ya ci a gaban mutane ba. Ranar Babbar Sallar da ta wuce gidan ya cika da 'yan uwa, aka zuba masa tuwo da naman layya aka kai gabansa, ya ce a rufe, ya ƙoshi. Ina lura da kwanon daga ƙofar kicin har la'asar ta yi. Sai da baƙo na ƙarshe ya sa takalmi ya fita, sannan ya jawo shi, ya juya ya fuskanci bango, ya yi bismilla. Tuwon ya riga ya huce. Na ce ya kawo in ɗumama masa, ya ce in bar shi haka nan.